Hanyar Da Ba Ta Cikin Takarda

Greensboro, 11 ga Maris, 2007

Zuwa ga Yaya Hindou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Inna da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ousseina tana gaishe ku ƙwarai. Anissa ta fara famfara, ta ce lallai sai na gaya wa kakarta.

Kin yi mini faɗa a waya cewa tun da aka rufe masaƙar da nake aiki ba ki san abin da nake yi ba. Katin waya ba ya isar wannan bayani, shi ya sa na zauna na rubuto.

Daga nan zuwa bakin teku tafiyar awa huɗu ce, garin ana ce masa Wilmington. Can jiragen ruwa ke sauke kayan da ba sa shiga kwantena: taransifoma, tukunyar tururi, injinan masana'antu. Wani kayan ya fi ɗakin Inna da zaurenmu in an haɗa. Injin ɗaga kaya ne ke ciro shi daga cikin jirgi, a hankali, har kayan ya zauna kan tirela mai tayoyi sama da hamsin. Sannan a ɗaure shi da sarƙoƙi masu kaurin damtsena.

Ba ni ke jan tirelar ba. Ni ina gaba cikin ƙaramar mota mai fitila a ka, da doguwar sanda tsaye a gabanta wadda ta ɗara kayan tsawo kaɗan. In sandar ta taɓa gada ko wayar lantarki, sai in faɗa ta oba-oba, direba ya tsaya. Gwamnatin jiha ce ke ba da takarda, ta rubuta hanyar da za mu bi da kwanakin da aka ba mu, kuma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai. Tafiyar awa huɗun nan mu kwana biyu muke yi.

Direbana sunansa Longji, mutumin Fankshin ne a ƙasar Filato. Kirista ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan Maraɗi. Shekara shida muka yi a layi ɗaya a masaƙa, kuma shi ya tsaya mini gaban manajan kamfanin tirelolin har aka ɗauke ni. Kin san kayan farko da muka kai tashar jiragen? Injinan saƙar da muka yi aiki a kansu ne, an sayar da su Pakistan. Mu muka raka su har bakin ruwa. Ranar ko abinci Longji bai iya ci ba.

Mutum ne mai tsantseni har ya kan gundure ni. Duk inda muka tsaya sai ya zagaya tirela, ya taɓa kowace sarƙa da hannunsa. Sauran direbobi suna ce masa Fasto. Matarsa Salomi tana aiki gidan kula da tsofaffi, ita ke cika mana kula da gwate in za mu tafi, kuma ba ta taɓa mantawa da cewa naman nawa na yankan Musulmi ne.

Maganar takarduna tana nan yadda kika sani. Bizar ta mutu tun tuni, permin tuƙi kaɗai ke hannuna. Manaja ya sani, ya kau da kai. Ni ma ina kau da kai daga abubuwa da yawa, haka ake zama a nan.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Dabo

Greensboro, 27 ga Mayu, 2007

Yaya Hindou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma ba lafiya ba. Longji ya rasu ranar Juma'a, sha takwas ga wata, a gaban idona. Ban iya faɗa miki a waya ba don Ousseina tana kusa, kuma akwai abin da ba na so ta ji.

Tukunyar tururi muka ɗauko, tan ɗari da ashirin, za a kai wata masana'anta yamma da garin nan. Jirgin ya yi lattin kwana biyar. Ranar Alhamis muka baro tasha. Washegari bayan azahar muna kan wata siririyar hanya tsakanin gonakin taba, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. A wata kwana tayoyin dama suka sauka daga kwalta, ƙasa ta lotsa, tirela ta karkata. Longji ya sauko ya zagaya ɓangaren da ta karkata don ya duba. Ni na ajiye motata ina tahowa a ƙafa, bai fi taku talatin tsakaninmu ba. Na ji ƙara sau ɗaya, sarƙa ta tsinke, sauran suka bi ta. Tukunyar ba faɗuwa ta yi ba, zamewa ta yi ta danne shi. Sai da aka kawo injin ɗaga kaya biyu kafin a ciro shi.

An binne shi jiya. Ba su bar Salomi ta buɗe akwatin ba. Na zauna a bencin ƙarshe na cocinsu, 'yarsu Perpetua ta zo ta kama hannuna ta ce in dawo gaba wurin dangi. Ban iya ba.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Hanyar nan ba ta cikin takardarmu. Da 'yan sanda suka tambaye ni me ya kai mu can, na ce ban sani ba, inda direba ya ce nan nake bi. Kamfani kuma ya rubuta cewa Longji ne ya bar hanya don raɗin kansa. Yaya, ba haka aka yi ba. Manaja ne ya ba da umarni, ta waya, a kunnena.

Ranar Litinin ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi Anissa da ajin da take. Sannan ya ce ya san mutane irina ba sa son shiga ofisoshin gwamnati, shi kuma ba ya so wani abu ya kai ni can. Daga nan na tashi na fita.

In na yi magana, sai na tsaya gaban hukuma na faɗi sunana da yadda nake zaune a ƙasar nan. In na yi shiru, mutumin da ya fi kowa kiyaye doka zai kwanta a kabari da sunan mai ganganci. Ke ce babba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Dabo

Maraɗi, 16 ga Yuni, 2007

Dabo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun Malam Habibou da ya zo ganin gida, kuma shi zai kawo maka wannan. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka. Ina yi maka gaisuwar abokinka. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mutumin kirki ne tun da ya riƙe ka.

Ka ce in gaya maka abin da za ka yi, to ga shi ba kwana-kwana: ka kama bakinka.

Shekara ashirin da biyu ina aikin ungozoma. Na sha rufe fuskar uwa in juya in ɗauki jariri, domin shi ne ke numfashi. Wanda ya tafi ya tafi. Maganarka ba za ta ɗaga ƙarfen nan daga kansa ba.

Ka tuna shekara goma sha ɗaya ba ka taka ƙasar nan ba. Baba ya yi jinyar wata bakwai yana tambayarka, ka ce in ka fito ba ka iya komawa. Muka binne shi ba kai. Ban taɓa yi maka gori ba, na ce don gaban iyalinka ka yi. To in yau ka kai kanka da ƙafarka, rashinka wajen Baba ya tashi a banza ke nan. Anissa can aka haife ta, ko gaisuwar Hausa da kyar take haɗawa. Ousseina ba ta da kowa a can sai kai. Wa za ka bar wa su?

Ban gaya wa Inna komai ba, kai ma kada ka soma.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Ni na goya ka, na san rubutunka in kana zagaye magana. Me ya sa manaja ya kira ka kai, bai kira direba ba? Kuma mutumin da ka ce yana taɓa kowace sarƙa da hannu, ta yaya ya yarda ya bi hanyar da ba a rubuta ba? Ba sai ka ba ni amsa ba. Ko me ke nan, ka kai shi gaban Allah, kada ka kai shi gaban Bature.

Ka ci abinci. Ka gaida Ousseina.

Yayarka,
Hindou

Greensboro, 22 ga Yuli, 2007

Baban Anissa,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya Maman Anissa? Na gode da abincin da take aiko mana kowace Lahadi. Ta hannunta na ba da wasiƙar nan a rufe, tun da ba ka ɗaukar wayata, kuma ran nan a kantin 'yan Afirka ka hango ni ka ajiye kwando ka fita. Ban yi fushi ba. Na dai gane akwai magana.

Rahoton ya fito. Sun rubuta cewa Baban Perpetua ya saɓa takarda shi kaɗai, kuma sakacinsa ne ya kashe shi. Jarida ta ɗauka. Perpetua ta karanta a makaranta kafin in sani, ta dawo ta tambaye ni ko gaskiya ne. Shekarunta goma sha huɗu. Na buɗe baki in ce ƙarya ne, sai na ga ba ni da abin da zan dafa. A coci ana yi mini sannu, amma na ji wata tana cewa maza in sun saba aiki sai su raina shi.

Shekara goma sha bakwai muna tare. Mutumin da ko tayar keken 'yarsa sai ya matsa ya ji kafin ta hau. Ban san wanda suka rubuta a takardar nan ba.

Fastonmu ya haɗa ni da wata lauya a Elm Street. Ta nemo lissafin wayoyin da aka yi ranar. Ba a kira mijina ba ko sau ɗaya. Amma an kira lambarka daga ofis da ƙarfe ɗaya da minti arba'in, kai ma ka kira su bayan minti goma.

Na san matsalar takardunka. Shi ya gaya mini tun tuni, muna yi maka addu'a a kanta a teburin cin abinci. Na hana lauyar ta aiko maka da sammaci. Ba na roƙonka ka tsaya gaban kowa. Ni kaɗai nake so ka gaya wa. Me aka ce a wayar nan? Kuma ya yi magana kafin ya cika? Kai kaɗai ne a wurin.

Ubangiji ya kiyaye gidanka.

Salomi Longji

Greensboro, 5 ga Agusta, 2007

Maman Perpetua,

Ina gaishe ki, ina gaida Perpetua. Yaya ƙarin haƙuri? Sati biyu wasiƙarki tana aljihuna. Zan gaya miki duka, har da abin da ban gaya wa matata ba, ban gaya wa yayata ba.

Takardarmu ranar Juma'ar nan za ta ƙare, da faɗuwar rana. Gaba da mu kusa da Sanford ana gyaran hanya, an rufe rabinta, tirela ba ta wucewa. Manaja ya kira ni don ya san mijinki ba ya taɓa waya in yana tuƙi. Ya ce sabuwar takarda sai an yi sati, ga injin ɗaga kaya na jiranmu a masana'anta, don haka mu yanke ta wata ƙaramar hanya mu ɓullo gaban wurin gyaran.

Na sa muka tsaya gefen titi, na gaya wa Longji. Ko tunani bai yi ba. Ya ce, “Ba ta cikin takarda, Dabo. Mu kwana a nan.” Ya ɗauko kula zai zuba mana abinci.

Na koma mota na kira manaja na faɗa masa. Sai ya ce in kayan nan ba su isa yau ba, dole ya sake duba fayil ɗin ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. Na gane fayil ɗin wa yake nufi.

Da na gaya wa Longji wannan, na san abin da zai yi. Zai karɓi wayar ya ce a kore su tare. Shi ya sa ban gaya masa ba. Na ce masa na san hanyar, na sha bin ta, ƙasarta tsauri ce kamar dutse. Sau ɗaya na taɓa bin ta, a ƙaramar mota, kuma ba a lokacin ruwa ba. Ya daɗe yana kallona. Ya rufe kular, ya ce, “In kai ka ce ka san ta, shi ke nan. Shiga gaba.”

Bai saɓa takarda don sakaci ba. Ya saɓa ta don ya yarda da ni. Manaja ya ba da umarni, mijinki ya ƙi. Ni ne na sa ya bi.

Kin tambaya ko ya yi magana. Da tirela ta karkata ya kira ni ta oba-oba, muryarsa a kwance, ya ce in dawo in gani. Ita ce ta ƙarshe. Bai sha wahala ba, wannan ban yi miki ƙarya ba. Na tsuguna kusa da inda hannunsa ya fito har motar asibiti ta zo.

Tun ranar na koma aiki sau uku da wani direba. In ina gaba ba na iya duba madubi. Sallah ina yi, amma ban san abin da nake karantawa ba. Anissa ta tambayi uwarta me ya sa na daina cin abinci tare da su.

Ki nuna wa Perpetua wannan takarda in kin ga dama, ta san ubanta ya ce a'a. Ki nuna wa lauya in kin ga dama. Ko zan iya zuwa da ƙafata in maimaita a gabansu, ban sani ba tukuna. Ba zan yi miki alkawarin da ban tabbata ba, na riga na ga inda irin wannan ke kai mutum.

Na bar ku lafiya.

Dabo

Greensboro, 30 ga Satumba, 2007

Yaya Hindou,

Assalamu alaikum. Yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Yaya Inna da azumi?

Ban bi maganarki ba. Tambayar da kika yi mini daidai ce: abokina ya ƙi bin hanyar, ni na yi masa ƙarya cewa na san ta, don tsoron manaja. Na rubuta wa matarsa haka. Sati biyar ba ta ce mini uffan ba, kuma ba ta kai takardar ko'ina ba. Da ta kai, da na sami wanda zan ɗora wa laifin tona mini asiri. Rannan na gan ta a tashar bas ta cikin gari da kayan aikinta, ta rame har na so in kasa gane ta. Ta dube ni, ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta tambayi Anissa. Washegari na gaya wa Ousseina komai, na ce mata zan je wurin lauyar Salomi in ba da shaida. Ta yi kuka, ta ce in bari. Da safe kuma ita ta goge mini riga.

Awa huɗu na yi a ofishin lauya, na rantse, wata mata tana buga duk abin da na faɗa. Da aka ba lauyan kamfani dama, bai tambaye ni hanya ba, bai tambayi sarƙa ba. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe bizata ta ƙare. Ta biyu, ko ba ni ne na gaya wa 'yan sanda ban san komai ba. Na ce ni ne. Ya ce to wace rana ce na yi ƙarya, waccan ko yau.

Manaja ya rantse cewa kirana ya yi don ya ji inda muke. An sallame ni daga aiki. Yanzu ina gida, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai na leƙa.

Na ɗauka in na faɗa zan ji sauƙi. Ban ji ba. Game da Baba, ba ni da amsar da zan ba ki. Ki fara shirya Inna a hankali.

Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Dabo

Greensboro, 18 ga Nuwamba, 2007

Zuwa ga Yaya Hindou,

Ina gaishe ki da Mama da dukan gida. Ba ki san ni ba. Ni ce Salomi, matar marigayi Longji. Ƙanenki ne ya roƙe ni in rubuto.

Jami'an shige da fice sun zo sun tafi da shi ranar Talata, shida ga wata, da safe. Yana tsare a jihar Georgia. An ce za su sa shi a jirgi zuwa Yamai, ba su faɗi rana ba. Yana da lafiya. Ya ce a gaya wa Mama yana nan tafe, kada a gaya mata yadda.

Maganar mijina an ɗaga ta sai baɗi. Rahoton yana nan yadda yake. Lauya ta ce in shaida ya bar ƙasa, maganarsa takan yi rauni.

Ousseina da Anissa suna gidana, na ba su ɗakin Perpetua. Ousseina ba ta yanke shawarar zama ko tahowa ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Jiya ya samu ya kira. Minti biyar suke ba su. Ya tambaye ni ko na yafe masa. Ni Kirista ce, na san amsar da ya kamata in bayar, na buɗe baki ba ta fito ba. Na ce masa kullum ni ke kai Anissa makaranta, ni ke ɗauko ta. Ya ce ya gode. Sai layin ya yanke.

In ya iso, ku karɓe shi da kyau. Abin da nake iyawa ke nan yanzu.

Ku huta lafiya.

Salomi